Hantsin Parkchester

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Duk watan nan daga ruwa sai dusar ƙanƙara, ƙasar gaba ɗaya. Ranar Asabar sai ga rana ta fito tas. Na ɗauki shayina na sauka ƙofar gininmu shan hantsi, kamar yadda muke yi a bayan ɗakin Inna. Yaya, ranarsu haske ne kawai, babu ɗumi. Shayin ya huce a hannuna, ba wanda ya ce mini sannu. Na koma ɗaki.

Ki gaida kowa, a sa ni a addu'a. In kun fito hantsi gobe, ki bar mini gefen tabarma.

Ƙanwarki,
Rabi