Numfashin Mutanen Sandamu

Sandamu, Rajab 1424

Yaya Rauda, ina kika kai numfashin mutanenmu?

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri gaisuwa ta zo a baya, haka zuciyata take. Inna tana gaishe ki.

Ni na bi gida-gida na tara miki mutane. Na ce su sha, sukari ne da aka sa wa alama, kamar akuyar da aka tsaga wa kunne. In jiki ya ƙone shi, alamar ta fito a numfashi, a gane mai ciwon sukari. A littafin da kika bari na karanta, ba wanda ya koya mini. Suka sha, suka hura a kwalabe, kika kwashe sai Zariya. Shiru har aka yi girbi.

To, Malam Kalilu, ɗaya daga cikin waɗanda suka hura, ya rasu. Matarsa Maiturare tana bin gari tana cewa ran mijinta yana cikin kwalba, wai ni na sayar. Dagaci ya ce Juma'a ta sama in dafa Alƙur'ani cewa ba a sayar ba, ko in bar garin. Ni kuwa ba na rantsuwa a kan abin da ban gani ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki Harisu

Zariya

Harisu ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku ta'aziyyar Malam, Allah ya jiƙansa. Sukarin ba ya kisa, ni ma na sha.

Kwalaben dai babu su. Gero da dawa suna ɗauke da irin wannan alamar tun daga gona. Ƙa'idar da aka aiko mana daga Turai ta hana cin masara da rake kafin gwaji, amma ba ta ambaci gero ba. Mutanenmu kuwa da tuwon dawa da fura suka kwana. Alamarmu ta gauraya da ta abincinsu, aikin ya lalace, shugabanmu na wajen bincike ya sa aka buɗe kwalaben aka wanke. Iska ce kawai.

Ka rantse ba a sayar ba, gaskiya ce. Sauran ka bar shi a cikinka. Ka gaishe mini da Inna.

Wassalam,
Rauda

Sandamu

Yaya, salamu alaikum.

Iska ce kawai? Zo ki gaya wa mai takaba an wanke numfashin mijinta da sabulu. Bature bai san gero ba, yana da uzuri. Ke fa? Da furar Inna kika yi digirin nan!

Ba zan dafa Littafin Allah in faɗi rabi ba. Na gaya wa Dagaci kina tafe. Allah ya kawo ki lafiya. In an sauko daga Juma'a, ki tsaya a ƙofar gidansa, Maiturare na ji, ki faɗa wa Sandamu da bakinki yadda aka yi kika manta abin da muke ci.

Harisu