Warin Albasa

Daren Laraba, ɗakin kwanan ɗalibai, Jega.

Ki yi haƙuri, takardata, da zan ɓata ki da wannan. Ba ni da wanda zan faɗa wa.

Yau Malama ta damƙa mini Hadiza, sabuwar ɗaliba daga Sabiyal ta ƙasar Aliero, yankin manoman albasa, ta ce in kula da ita. A layin abinci 'yan ajinmu suka toshe hanci: "Wa ya shigo mana da buhun albasa?"

Hadiza ta kama hijabina. "Yaya Rabi, ke ma ɗiyar Aliero ta ko? Na san gonarku."

Na fizge hijabin na ce, "Ni 'yar Birnin Kebbi ce." Har dariya na taya su.

Albasar Baba ce ta ɗinka hijabin nan. Bayan Isha'i na ɗaga hannu zan yi wa Hadiza addu'a, na kasa. Yaya zan lallashe ta a kan asalin da Allah ya ba mu, wanda ni ma na ƙi karɓa?

Ina jin kukanta a gadon ƙasa. In kin yarda, zan sake buɗe ki ranar da na iya faɗa mata sunan garinmu.