Garin Ummu Hani Ya Zama Tsaraba

Badariya, Birnin Kebbi.

Zuwa ga Yaya Ja'afar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, Allah ya ƙara lafiya, ya sa zaman Jidda ya yi albarka. Nan lafiya lau, an fara yankan shinkafa a Zauro, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi.

Zancen garin gulutamin ɗin da ka aiko wa 'yata Ummu Hani saboda sikilarta ne ya sa na ɗauki biro. Direban da ya ɗauko saƙon daga filin jirgi bai kawo mini ba, gidan Baba ya kai a Argungu, tunda can ne babban gida. Ka san Baba da kayan da suka fito daga ƙasa mai tsarki. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka raba ƙunshin kamar dabino. Kawu Ummaru ya samu, maƙwabta sun samu, Baba kansa ya riƙa zubawa a kunu safe da yamma. Abin da ya iso hannuna na kwana goma sha biyu ne, maimakon wata uku. Da na ce ai ni aka aiko wa, ban kai ga ambaton ciwon Ummu Hani ba, cewa ya yi, "Abin da ɗana ya aiko gidanga, ba mutum guda ka cin shi ba."

Makon jiya ƙafafun Baba suka kumbura. Likita Omolola, wadda ke duba Ummu Hani, ita ta duba shi. Ta ce gulutamin ɗaya ne daga ƙananan sinadaran da ake kira amino asid, waɗanda jiki ke gina tsoka da su, akwai su a kifi da wake da nono. Ga mai sikila, idan an sha bisa awo, yana iya rage yawan tashin ciwo. Amma mai ciwon ƙoda irin Baba ba ya shan sa sai da izinin likita. Ba ta ce garin ne ya jawo kumburin ba, ta dai hana shi sha.

Ummu Hani kuwa ciwonta ya tashi ranar Talata, tana asibiti ana ƙara mata ruwa. Likita ta ce ba za a rantse yankewar garin ce sila ba. Ni ban yi gardama ba, amma raina ya ɓaci.

Idan za ka sake aikowa, rubuta sunana a kwalin. Sannan ka kira Baba. Har yau yana tsammanin maganin ƙarfi ne ka aiko wa gida, jiya ma ya tambaye ni me ya kwantar da yarinyar. Na ce sanyi ne. Ni ba zan iya duban idonsa in ce rabon jikarsa ya sha ba. Kai ka aiko, kai za ka faɗa masa.

Ka gaida Anti Sharifa da Munzali. Inna tana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Balaraba