Tafin Hannun Kaka a Bangon Gidan Gwamnati

Daren Laraba, 6 ga Safar

Na kasa cin abinci. Tun safe Baba ya dame ni sai na kai shi tsohon gidan gwamnatin nan, wanda aka gina tun Hijaz na da nata mulki daban da na Najad. Mahaifinsa na cikin maginan. Ranar da suka gama yaɓe, ya danna tafin hannunsa a bangon baya, kusa da ƙofar masu kawo ruwa, yadda maginan gida ke barin shaida. Ba mu da hotonsa, kabarinsa ma babu alama. Wannan hannun kaɗai muke da shi.

Tun da idon Baba ya mutu bai koma ba. Bayan la'asar muka bar unguwarmu ta Mansur, cunkoso kamar me, Baba yana ta azalzalata da Larabci, "yalla, Hajara, yalla".

Ashe an gyara ginin. Bango sumul, fari fat, har da fitilu. Baba ya miƙa hannu yana lalube, yana tambayata ko ya kusa. Tausayinsa ya kama ni. Na riƙo hannunsa na ɗora a wani wuri, na ce, "Ga shi nan, Baba." Ya daɗe a tsaye yana addu'a.

Sai a mota ya ce, "Sun shafe, ko? Idona ne ya tafi, 'yar nan, ba hannuna ba."

Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ina jiyo shi a ɗakinsa yana shafa bango.