Inda Ruwan Giwa Yake Tafiya

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda da za a loda ta a mota sai an ƙara wa tayoyi iska, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Kawu kuwa yana nan yana rabon shawarar da ba wanda ya roƙa.

Na ɗauki alƙalami ne a matsayina na wakilinki a gida, domin in gabatar da rahoto a kan Giwa, motar marigayi Baba, wadda ta yi shekaru tana kai mu makaranta mu biyar a kujerar baya, gwiwa tana gaisawa da haɓa. Kin rubuto cewa in har injinta ya ƙone, a miƙa ta ga masu sayen tsohon ƙarfe. Tun ranar da na karanta wa Inna wannan hukunci ta mayar da kujerarta bakin rumfa, tana kallon motar kamar mai zaman jinya.

Ciwon dai shi ne, tun rasuwar Baba, Giwa ba ta cika kwana huɗu sai allurar zafi ta haura, a buɗe lagireto a tarar ruwa ya yi ƙasa. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta kwana uku, ko ɗigo ban gani ba. Kawu ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya, ya zartar da cewa gaskit ne, injin ke shanye ruwan, a fara neman mai saye. Maƙwabcinmu tela kuma ya ce a fasa mata ɗanyen ƙwai, sai na sanar da shi cikin ladabi cewa Giwa mota ce, ba kasko ba.

A ƙarshe na lallaɓa da ita garejin Dogo bakanike. Ina miƙa hannu zan buɗe murfin lagireto ya doke shi, ya ce in ina da sauran aiki da fuskar nan, in bari ta huce tukuna. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya ce bai yi kalar madara ba. Ya duba salansa, babu farin hayaƙi, ya ce to ba gaskit ba ne. Sannan ya ɗaura wani famfo mai agogo a bakin lagireto ya hura iska, muka tsaya ni da shi kamar masu jiran alƙali. Allura ta tsaya kaɗan, sai ta fara sauka a hankali, irin saukar Kawu daga bene, alamar akwai yoyo a wani wuri. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, duk a bushe.

Can sai ya buɗe ƙofar gaba, ɓangaren da Inna take zama, ya shinshina, ya ɗaga kafet. Yaya, tawul ne a ƙasa, an ninka shi huɗu, ya jiƙe sharkaf. Dogo ya ce akwai ɗan ƙaramin lagireto na hita mai ɗumama cikin mota a bayan allon gaba, shi ne ya huje, kuma tsatsar wurin ta girmi sifanarsa.

Nan take na tuna. Kin tuna shuɗin jug ɗin da Baba yake fita da shi kullum da safe, ya ɗaga bonet, mu kuma muna leƙe muna cewa hira yake da motarsa? Kin tuna tawul ɗin da ba a raba shi da igiyar shanya, wanda ba mu taɓa ganin an yi wanka da shi ba? Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Da na kai wa Inna wannan gagarumin bincike, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce ai ta sani tun shekarar jarrabawarki. Gyaran sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, ta yi mako a gareji, Baba kuwa ya ce wa zai kai yara makaranta, a bari sai hutu. Hutu ya zo ya wuce sau ashirin. Shi dai kullum ya ƙara ruwa, ya sauya tawul don kada ƙafarta ta jiƙe. Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta faɗa ba, ta ce mun tambayi Kawu, mun tambayi tela, saura kaɗan mu tambayi ƙwai, amma ita ba wanda ya tambaye ta.

Dogo ya haɗe tiyo biyun da ke zuwa hita, ya sake hura iska, allura ta ƙame kamar soja. Injin lafiyarsa lau. Don haka, da girmamawa, ina roƙon ki janye hukuncinki.

Ki gaishe da maigidan, da 'yan biyu, da Auta mai ƙiriniya. Goggo da Kawu suna gaisuwa, ko da yake Kawu yana cewa shi ma hitar ya yi zargi tun farko.

Jiya da safe na tarar da Inna a bakin rumfa da shuɗin jug, ta ce in ɗaga bonet. Na ce mata lagireto a cike yake. Ta ce ta sani, in ɗaga dai. Na ɗaga. Yau ma na ɗaga.

Naki ƙanin, mai riƙon jug.