Hannun da Na Ɓoye a Gaban Surukina

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke duba koke-koken talakawa a lardinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe, ni wanzami ne daga Fakku, ƙasar Kebbe. Ni nake faɗa, maƙwabcina yana rubutawa, don hannuna na dama ko alƙalami ba ya riƙewa yanzu, balle aska.

Na ɗaya. Da kakar shekarar da muka sami mulkin kai, na taso daga askin suna zan bi hanyar Tambuwal, rana tsaka, wani ya tare ni don jakina da naman suna da ke kai. Na riƙe igiya, ya sare ni da adda a wuyan hannu. Manoma suka ji ihuna suka kama shi da addar a hannu. Bai ma yi musu ba.

Na biyu. Ranar shari'a dangi suka rako ni, har da surukina, dattijon da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya ba. Alƙali ya dube ni ya tambayi jiki. Ranka ya daɗe, a ƙasarmu wane namiji ne zai yi raki surukinsa na zaune? Na ja hannun cikin riga, na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Haka mahaifina ya amsa wa masu dubiya ranar da ya rasu. Magatakarda ya rubuta cewa na warke. Aka ɗaure mutumin, aka ci shi tara, tarar ta shiga baitulmali. Ni aka ce in tafi gida, Allah ya ƙara sauƙi.

Na uku. Sauƙin bai zo ba. Maɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama, amma yatsu uku sun nannaɗe, sun bushe kamar kuɓewar bara. Na koma neman diyya, aka ce an rufe magana da bakina. Na sake komawa, aka ce a sabuwar doka laifin na hukuma ne. To, hannun na wane ne?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidajena. Wanzami ba gona yake gada ba, gidaje yake gada. Waɗanda kakana ya yi wa aski, ni nake yi wa jikokinsu kaciya da ƙaho, da kaka kowane gida ya aiko da damin gero. Bara sun aiko don kunya. Bana wani wanzami ya shiga yawancinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai miƙa kan jaririnsa ga hannun hagu mai rawa? Zabirata tana rataye, asake sun yi tsatsa. Surukin nan da na ji kunyarsa, yau shi yake ciyar da iyalina. Wanda ya sare ni kuwa ya gama wa'adinsa, na gan shi a kasuwar Kebbe yana ɗaure buhu da hannu biyu.

Ba na sa rai sosai, don na sha zaman ƙofa har 'yan doka sun san tarina. Amma ga roƙona. A sa likita ya dubi hannun nan. A ba ni diyyar da zan sayi ko da ɗan jaki in yi dako, don nawa tuni na sayar da shi muka ci. In duk wannan ya gagara, a mai da ni gaban alƙali, a kira surukina ya zauna inda ya zauna, a sake tambayata jiki. Zan naɗe hannun riga in amsa: babu sauƙi, ranka ya daɗe, kuma tun ranar babu.

Allah ya ja zamaninka, ya bar ka da gaɓoɓinka lafiya har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Wanzamin Fakku na dā.