Wa Zai Sa wa Ɗalibin Marigayi Hannu?

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Amintattu,
Asusun Tunawa da Marigayi Farfesa,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da sauran 'yan kwamiti, ina sake yi mana ta'aziyyar Malam. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwanci. Na biyo ta jarida ne domin wasiƙu biyu na kai ofishinku da hannuna, har yau shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Sunana Sunusi. Ina koyarwa a wata sakandare a Nyanya, ina zaune a Kurudu, kuma ni ne ɗalibin digiri na uku na ƙarshe da Malam ya ɗauka. Shekara huɗu muna aiki a kan kaska da cutar da take sa wa shanu a rugagen bayan Sheda. Wani taron masana lafiyar dabbobi a Kenya ya karɓi takardata. Ku kuma kun kafa asusun nan ne domin biya wa irinmu jirgi da masauki. Na nema, kun ƙi ni. Ga yadda aka yi.

1. Fom ɗinku ya ce dole a haɗo da wasiƙa da sa hannun malamin da ke duba aikin ɗalibi. Ranka ya daɗe, malamin da ke duba aikina shi ne wanda hotonsa ke saman fom ɗin. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

2. Za ku ce me ya hana ni neman wani malami. Nan kam na amsa laifina. Sati biyu da rasuwa majalisar sashenmu ta zauna ta rarraba ɗaliban Malam, amma sai wanda ya rubuta takardar neman sauyi. Abokan karatuna sun rubuta. Ni na kasa. Mutumin da ya zo sunan 'yata, wanda yake sauke ni a tashar Nyanya in mun dawo daga ruga, shi ne zan ɗauki biro in nemi magajinsa tun ba a yi sadakar arba'in ba? Inda na tashi ba a yin haka. Na ce a bari arba'in ta wuce. Ashe majalisar ba za ta sake zama ba sai ƙarshen zango, bayan kun rufe karɓar fom. Kara na yi wa mamaci, karar ce ta ci ni.

3. Ban zauna ba. Na je wurin wani dakta a sashen, ya ce wallahi yana so, amma ba a ba shi ni a rubuce ba. Shugaban sashe ya ce sai majalisa ta zauna. A ofishinku kuwa, sau uku ina barin aji in sha cunkoson Nyanya, sakatare yana ce mini oga ya fita. Wasu suka ce in je wa Hajiya, matar Malam, tun da iyalansa ne suka sa kuɗin. Matar da ke cikin takaba zan tunkara da fom? Allah ya sawwaƙe.

4. Da na rasa mafita, sai na ɗauki hoton shafin ƙarshe na babi na huɗu na tura muku. A nan Malam ya rubuta da jan biro cewa aikin ya isa a kai shi taro, ya sa hannu, kwana tara kafin ya kwanta ciwon ajali. Rabinku ɗalibansa ne, kun fi ni sanin rubutunsa. Amsar da na samu layi ɗaya ce: takardu ba su cika ba.

5. Kada a ce in jira baɗi. Ƙa'idarku ta ce sai ɗalibin da rajistarsa ke aiki, tawa kuwa bana take ƙarewa.

Ba hawa jirgi ne ya dame ni ba. Bafulatani ba ya barin baƙo ya sa wa saniyarsa allura ya ɗebi jini haka kawai. Wata shida Malam ya yi yana zama a tabarmar Arɗo Buba, yana shan nono, kafin a bar mu mu taɓa ko maraƙi. Alkawarin da ya yi masa ɗaya ne, cewa za a kai maganar shanunsu gaban manyan masana. Duk zuwan da na yi sai Arɗo ya tambaye ni ko an kai. Masu awon fili sun riga sun kafa turaku a makiyayarsu, bayan damina za su tashi, kuma ban san abin da zan ce masa ba. Kunya nake ji, har na daina zuwa.

Na san an rufe rajistar taron, bakin alƙalami ya bushe, kuma ba na sa ran wasiƙar nan za ta sauya komai. Duk da haka ina da roƙo biyu.

Na farko, ku ƙara layi ɗaya a fom ɗinku saboda ɗalibin da malaminsa ya rasu. Malamai ba su daina mutuwa ba.

Na biyu, shekaranjiya katin gayyatarku ya iso ni. Kuna so in zo bikin ba da tallafin asusun, a matsayina na ɗalibinsa na ƙarshe, in yi minti biyar ina faɗin yadda Malam yake tsaya wa ɗalibansa. Zan zo, insha Allahu, kuma zan taya waɗanda suka samu murna da zuciya ɗaya. Amma ku yafe mini jawabin. Ku bar ni in zo da Arɗo Buba, in gabatar da aikin kaskar a cikin minti biyar ɗin nan yana zaune. Bikin nan ne kaɗai taron masana da aikin zai taɓa gani.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ku gama lafiya, ya kai ladan asusun nan kabarin Malam.

Wassalam.

Naku,
Sunusi,
Kurudu, Abuja.